Na tura samfurin sabara LC-MS a Malesiya: injinsu ya yi, ripot ɗinsu kuma sai a hankali

Tun da na ce sakamakon gwajina na LC-MS, wato binciken sinadaran da ke cikin ganye da inji, ya dawo mutane ke bi na ta WhatsApp suna tambaya wai yaya lab ɗin nan yake, su tura ko kar su tura, to gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta ya huta ni ma in huta. Ba zan faɗi sunan lab ɗin ba, wani ɗakin gwaje-gwaje ne a Malesiya da ke karɓar aikin mutanen waje a biya su, abokina da ke PhD a can shi ya haɗa ni da su. Ni kuma aikina a kan ganyen sabara ne, ita dai sabarar da kowa ya sani, wadda ake jiƙa wa mai ciwon ciki da mai gudawa, mai jego ma a ba ta ta sha.

Kafin nan sai da na yi GC-MS, gwajin da ake mai da samfur tururi a auna sinadaransa, a nan gida kamar kowa, kuma abin da na samu shi ne abin da kowa ke samu, asid ɗin mai iri-iri da faitol da wasu tarkace, wallahi in ka ɗauki tesis goma na ganye goma daban-daban ka buɗe shafin GC-MS ɗinsu sai ka rantse ganye ɗaya aka yi wa. Ba laifin injin ba ne, shi GC sai abu ya iya zama tururi a zafin digiri 250 zuwa 300 kafin ya gan shi, su kuwa sinadarai irin su tanin, mai sa ɗauri a harshe, da filabonoyid masu ɗauke da sukari ba sa tashi, ƙonewa suke yi a bakin ƙofa. Farfesana ya duba takardar ya ajiye ya ce min, "Kai yanzu da wannan za ka ce ka san abin da ke cikin sabara? Ɗaurin da kake ji a harshe in ka tauna ganyen, ina yake a nan?" Na ce ranka ya daɗe babu. Ya ce to je ka nemo LC-MS.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, inji biyu ne aka haɗa baki da baki. Na farkon, LC, aikinsa rarrabewa, ana tura ruwan samfur cikin wani siririn bututun ƙarfe da aka ɗure da garin silika mai rufin maiƙo, shi ake ce wa C18, sai a riƙa bi da ruwa mai ɗan fomik asid kashi 0.1 cikin ɗari, a hankali ana rage ruwan ana ƙara asitonaitiral. Abin da ke son ruwa shi ke fara fitowa, mai son maiƙo ya maƙale sai daga baya, kowa da mintin fitarsa. Asalin dabarar ma daga ganye ta fito, wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya fara raba launukan ganye a kan garin alli a farkon shekarun 1900. Na biyun, MS, shi kuma sikeli ne, duk abin da ya fito daga bututun sai a fesa shi ta bakin wata allura mai lantarki dubban bolt, ɗigon ya bushe, ƙwayar sinadarin ta ɗauki caji ta shiga a auna nauyinta. Wannan feshin shi ya sa John Fenn ya samu rabonsa a kyautar Nobel ta 2002, kafin irin wannan dabarar haɗa ruwa mai gudu da injin da ba ya son ko iska a cikinsa ba ƙaramin aiki ba ne. Nasu injin irin Q-TOF ne, mai ba da nauyi har lamba huɗu bayan ɗigo, kuma yana iya farfasa ƙwayar ya auna gutsattsarin, wato MS/MS.

Maganar karɓar aiki dai ba ni da ƙorafi. Na tura imel da daddare, da asuba na tarar da amsa, da yake sun riga mu da awa 7. Matar da ke kula da injin ta turo fom, ta ce miligiram 10 na busasshen tsatso, wato abin da aka tatso daga ganyen, ya isa, a kwalbar gilashi, su za su narkar su tace da matatar 0.22 maikiron. Ta tambaye ni da me na jiƙa ganyen, na ce metanol kashi 70 na kwana uku, ta tambaya ɓangaren caji ɗaya nake so ko duka biyun, mai ƙari (+) da mai ragi (−), don kowanne da kuɗinsa. Nan shawarata ku biya duka biyun, alkaloyid a mai ƙari suke fitowa da kyau, su asid da tanin a mai ragi, in ka yi rowa ka zaɓi ɗaya rabin ganyenka ka gani. Kuɗin kam da dala ne, kuma da na canza na haɗa da kuɗin aika kaya sai da na yi shiru na ɗan lokaci a bakin shagon ɗan canji, samfur huɗu sun cinye fiye da albashina na wata biyu. Kamfanin aika saƙo ma sai da suka sa na kawo takarda daga sashenmu mai hatimi cewa abin ba guba ba ne ba mai kama wuta ba ne, yaron da ke kanta ya ɗaga kwalbar yana kallon baƙin abu mai danƙo kamar maɗi ya ce Malam wannan ba wani abu ba ne dai ko.

Samfur huɗun, biyu na sabara ne, ɗanyen tsatso da kuma kason etil asitet. Na ukun zoɓo ne, da gangan na saka shi don in gwada su, saboda na san abin da dole a gani a zoɓo, launin jansa daga sinadarai biyu ne sanannu, ɗaya nauyinsa 597 ɗaya 581 a ɓangaren mai ƙari, in ba su fito ba to akwai magana. Na huɗun babu komai a ciki, metanol ɗina ne kawai da na bi da shi duk hanyar da na bi da ganyen, robar da na jiƙa, takardar tacewa, kwalbar busarwa, na busar na tura abin da ya rage. Abokina har dariya ya yi min wai zan biya dala a auna iska. Wannan kwalbar ta iska ita ta fi kowace amfani daga baya.

Sun ce sati biyu, sai da aka yi sati biyar da kwana uku. A sati na uku na tuntuɓa suka ce injin da ke samar musu da iskar naitirojin ya samu matsala ana jiran mai gyara, to wannan na yarda, wanda ya taɓa zama a lab ya san haka na faruwa, abin da ya ɓata min rai shi ne ba su faɗa ba sai da na tambaya, ga ni da semina a gabana Farfesa kullum in muka haɗu a baranda sai ya ce "Ina labarin Malesiya?"

Da sakamakon ya zo, PDF ne da fayil ɗin Excel. Na fara buɗe na zoɓo, 597 da 581 suna nan zaune daram, tsaunukan, wato tashin da layi ke yi a hoton duk sanda wani sinadari ya fito, sirara masu tsini, babu jan wutsiya, babu hawa kan juna, nauyin da suka auna da wanda ake lissafawa bambancinsu bai kai kashi 5 cikin miliyan ba. Gaskiya a nan na saki jiki, wanda ya riƙe injin nan ya san aikinsa, bututunsa lafiyayye ne kuma yana saita sikelinsa. Hoton sabarar ma gwanin kyau, minti 30 cike da tsaunuka.

Sai na buɗe Excel ɗin sabara, nan ne murnata ta fara komawa ciki. Sunaye sama da 200, kowanne da maki a gefensa, 98, 95, 99. Na fara karantawa ina jin daɗi har na zo kan wani suna da na san maganin hawan jini ne na bature wanda a masana'anta ake haɗa shi, can ƙasa kuma ga wani sinadari da aka sani daga soson teku, a ganyen da na tsinko da hannuna a bayan garinmu inda ko rafi babu. Lamba ɗaya, 285.04, a minti ɗaya, an ba ta suna biyu a layi biyu, kamferol da lutiyolin, kamar abu biyu aka gano. Ashe abin da suka yi shi ne sun bar manhajar injin ta ɗauki kowane nauyi ta je rumbun bayanai ta ɗauko sunan da ya fi kusa, shi ke nan, babu ɗan adam da ya zauna ya duba. Makin nan na 98 ba yana nufin kashi 98 sun tabbata sinadarin ne ba, yana nufin nauyin ya dace da wannan haɗin na kabon da haidirojin da oksijin, kuma haɗi ɗaya sinadarai da dama ke da shi. Buhu biyu ne a kan sikeli nauyinsu ɗaya, ɗaya gero ɗaya dawa, sikeli ba zai faɗa maka ba sai ka soka ka ga ƙwayar.

A GC-MS mun saba da rumbun bayanai na NIST da ake kwatanta sakamako da shi, saboda kowane inji da ƙarfi ɗaya yake farfasa ƙwaya, 70 eV, don haka hoton gutsattsarin kusan iri ɗaya ne ko a ina aka yi. A LC-MS ba haka ba ne, farfasawar ta danganta da irin injin da ƙarfin da aka sa, rumbunan kuma ba su cika ba, musamman ga tsirranmu na nan da ba a yi musu aiki sosai ba. Ni ban san wannan da kyau ba sai da abin ya same ni.

Na rubuta musu na ce don Allah ina son ɗanyen fayil ɗin da injin ya fitar, ba Excel ba. Da farko suka ce ba su saba bayarwa ba, wai ba zan iya buɗewa ba sai da manhajar kamfanin injin. Na ce su dai turo. Bayan imel uku da sa bakin abokina suka ɗora a Google Drive, ba su ƙara ko sisi ba, wannan na yaba. Saukewa kam ta ci data, da tsakar dare na yi. Na juya fayilolin zuwa tsarin mzML da manhajar msConvert, na buɗe a manhajar MZmine, duka kyauta ne, sai dai laftof ɗina mai RAM 4 ta riƙa huci kamar tsohuwar Vespa a hawa, sai da na ari ta wani ƙanina ɗan kwamfuta. Daga baya na ɗora a GNPS, shafin nan na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, mai haɗa sinadaran da gutsattsarinsu suka yi kama ya yi musu dangi-dangi.

Ga misali ɗaya da zai nuna muku abin da nake nufi. Akwai wani babban tsauni a 463.09 ɓangaren mai ragi, Excel ya ce aisokwasitirin ne, maki 97. To shi aisokwasitirin kwasetin ne da gulukos a jikinsa, in aka farfasa shi gulukos ɗin ke faɗuwa, 162 ke nan, ya bar 301 ko 300. Na buɗe MS/MS na wannan tsaunin, babu 301 ko na rantsuwa, abin da ke tsaye shi ne 316 da 317, wato 146 ne ya faɗi, ramnos ke nan, abin da ya rage kuma mirisetin. Mirisetin da ramnos shi ne mirisitirin, nauyinsa ɗaya sak da aisokwasitirin, har da haiferosaid ma duk nauyinsu ɗaya. Bayanin yana cikin fayil ɗinsu, injinsu ya auna shi tsaf, kawai ba wanda ya leƙa. Da na kwafe Excel ɗin nan na zuba a babi na huɗu da na rubuta ƙarya da hannuna, har in je ina kawo hujja da takardun da aka yi a kan wani sinadari daban.

Abin da ya fi wannan daɗi kuma, abin da na fi nema ba ya ma cikin jerin nasu. Ina bin tsaunukan farko-farko sai na ga 343.07, can gaba 495.08, gaba kuma 647.09. Na ɗauki kalkuleta, tsakanin kowanne da na gaba 152.01 ne, daidai nauyin galik asid guda in ya manne da wani abu. Na buɗe gutsattsarinsu, ga 191 na kwinik asid, ga 169 na galik asid, shi kuma 169 in ya saki iskar kabon ya koma 125. Kwinik asid ne mai ɗauke da galik ɗaya, da mai biyu, da mai uku, irin tanin ɗin da tun da daɗewa aka ruwaito a sabara, ɗaurin da Farfesa ke tambaya ke nan. Wallahi ƙarfe biyu na dare ne amma sai da na miƙe tsaye, uwargida ta farka ta ce lafiya, na ce lafiya lau tanin na gani, ta ja bargo ta ce Allah ya ƙara sauƙi. A ɓangaren mai ƙari kuma akwai 183.09, wanda ya dace da harman, alkaloyid da shi ma an san shi a sabara, wannan kam jerinsu ya kawo shi daidai.

Sai maganar kwalbar iska. Cikin manyan tsaunukan sabarata a ƙarshen hoton akwai 391.28 da 338.34, Excel ya ba su sunaye masu daɗin ji. Na buɗe fayil ɗin kwalbar da babu ganye, ga su nan su ma, har sun fi tsayi. Na farkon sinadarin da ake sa wa roba ne don ta yi laushi, gutsurensa 149 kowa ya san shi, na biyun irukamaid ne, shi ma daga roba da leda yake fita. Ga kuma wani jerin gwano na tsaunuka kowanne ya fi na bayansa da 44, wannan wani sinadari ne da ake ce wa PEG, mai yiwuwa daga sabulun da muke wanke kwalabe. Wannan ba laifin lab ba ne ko kaɗan, laifina ne, ni na jiƙa ganye a bokitin roba da metanol ɗin da aka auno min a jarka. Inda nake ganin nasu laifin shi ne tunda na biya kuɗin kwalbar kuma na rubuta a fom cewa ta kwatance ce, ai sai su cire abin da ke cikinta daga jerin sabara, aikin minti kaɗan ne a manhaja, amma suka yi mata nata Excel ɗin daban mai sunaye 60 da wani abu kamar ita ma ganye ce. Kuma ku duba tesis nawa ne a ɗakunan karatunmu da aka rubuta wannan sinadarin na roba a matsayin maganin da ke cikin ganye, har da cewa yana kashe ƙwayoyin cuta.

Wani abu kuma, a Excel ɗin akwai layin kaso cikin ɗari na faɗin kowane tsauni, kar wanda ya ɗauka ya rubuta wai sabara kashi kaza cikin ɗari sinadari kaza ce. Wani sinadarin yana ɗaukar caji da sauƙi, ɗan kaɗan ne amma tsauninsa ya taɓo sama, wani yana da yawa amma da ƙyar yake nunawa, wani kuma in sun fito tare da maƙwabcinsa sai ya danne shi. Har ila yau abu ɗaya kan fito sau biyu ko uku, sau ɗaya da haidirojin sau ɗaya da sodiyom, tsakaninsu 21.98, manhajar kuma ta ba kowanne suna daban, da haka jerin ya kumbura ya kai 200. In adadi kake so sai an sayi tsantsar sinadarin an yi ma'auni da shi, wannan kuma wani aikin ne da wani kuɗin.

Bayan na share na roba, na haɗe masu maimaituwa, na jefar da duk wanda ba shi da MS/MS mai ma'ana, abin da ya rage min 31 ne. Na kai wa Farfesa ina ɗan jin kunya daga 200 zuwa 31, ya duba ya ce, "Waɗannan za ka iya tsayawa gaban mai jarrabawa ka kare su ɗaya bayan ɗaya?" Na ce insha Allah ranka ya daɗe. Ya ce to kuma ko su kar ka rubuta ka tabbatar, rubuta ana kyautata zato, tunda ba ka gwada da tsantsar sinadari ba balle NMR, gwajin da ke nuna ainihin tsarin ƙwayar sinadari. Haka ƙa'idar take dama, matakin farko na tabbaci sai ka zuba tsantsar abin a inji ɗaya ya fito a minti ɗaya da gutsattsari iri ɗaya, nawa duk a mataki na biyu da na uku suke. Ko mai galik biyun nan ban san a wane gurbi kowanne ya manne ba, akwai tsaunuka fiye da ɗaya masu 495.

In za a ce in ba su maki, aikin inji biyar cikin biyar, mu'amala huɗu saboda shirun sati uku, ripot kuwa biyu ma na yi kara. Da na rubuta wa matar na nuna mata maganar 463 ɗin, ta amsa da mutunci ta ce haka ne, jerin na manhaja ne kai tsaye, in ana son mutum ya zauna ya fassara akwai farashinsa daban, wanda ya kusa ninka kuɗin. To da sun rubuta haka a saman Excel ɗin ko a fom tun farko da ban ce komai ba, don ɗalibin da bai sani ba zai ɗauka an gama masa aiki ne.

Wanda zai tura, tun a imel na farko ya ce yana son MS/MS ba nauyi kaɗai ba, yana son ɗanyen fayil, yana son a rubuta masa sunan bututu da tsayinsa da yadda aka sauya ruwan minti bayan minti da ƙarfin farfasawa, don mujalla za ta tambaya, ni sai da na sake bin su kafin suka ba ni. Ya jiƙa a gilashi, ya busar sosai don danshi na sa tsatso ya yi fumfuna a hanya, ya kuma ajiye rabin samfurinsa a firiza ko da wancan ya ɓace. Ni dai na sake haɗa musu wasu guda uku ranar Litinin, na saiwa da na ƙullutun da ke fitowa a reshen sabara da wata kwalbar iskar, wannan karon a kwalbar gilashi na jiƙa da metanol mai hatimi, na kuma rubuta a fom ɗin da manyan baƙaƙe cewa ba na buƙatar Excel.